Yistin Uwata da Giyar Japan

Shekara arba'in da wani abu na yi ina dafa burkutu a Mubi, kuma a cikin duk abin da uwata ta ba ni ranar da aka sauko da ni daga kan dutse zuwa gidan miji, abu ɗaya ne ya kai wannan lokaci. Tukwanen sun fashe ɗaya bayan ɗaya, na maye su da rabin duro. Muciyar ta cinye har ta koma kamar ludayi. Abin da ya rage shi ne yisti.

Wanda bai san sana'ar ba yakan ɗauka wuta ce ke yin giya. Wuta dafawa kawai take yi. Za ki jiƙa jigari, jar dawar nan ta ƙasarmu, ki baza ta ki rufe har ta tsira, ki shanya, ki kai inji, ki dama, ki dafa, ki bari ta kwana ta yi tsami, ki sake dafawa har hayaƙi ya cinye miki ido, sannan ki tace. Bayan duk wannan wahala, abin da ke gabanki ruwan zaƙi ne kurum, ko mai jego za ta sha. Sai kin zuba yisti tukunya za ta farka, ta kama tafasa ba wuta a ƙarƙashinta. In ta tashi, kafin a fara sayarwa, akan kwashi kumfar saman a busar a ajiye don dahuwa ta gaba. Na yau daga na makon jiya ya fito, na makon jiya daga wanda ya riga shi, haka har a kai ga tukunyar uwata, da ta uwarta wadda ban taɓa gani ba.

A cikin wani ɗan gora nake ajiye nawa, a rataye a ɗakin kwanana. Uwata ta gaya mini sau ɗaya, ba ta maimaita magana: abu ne mai rai, yunwa na kashe shi, laima na kashe shi, kada ya wuce wata biyu bai ga tukunya ba. Ban taɓa barin sa ya kai haka ba. Shekarar da masu tayar da ƙayar baya suka shigo, muka gudu muka bar garin nan, na bar tufafina, na bar awaki uku a ɗaure, amma goran yana ƙuguna. Can bayan Sahuda, a tsallaken iyaka, na ari tukunyar wata mata da ba ma jin yaren juna, na dafa mudu biyu. Ba don sayarwa ba, don in ciyar da shi.

Ɗa namiji ɗaya ya rage mini. Yana aiki a wani otal a Abuja, shi ke zuba wa manya abin sha. Matarsa tana zaune da ni a nan. Yarinya ce mai ƙarfi, daga wajen Sorau aka auro ta, ba ta da ƙiwa, ba ta da tsegumi, duron da mata biyu ke kamawa ita kaɗai take jan sa. Laifinta sauri. Na taɓa kama ta ta rufe tsiro da leda maimakon ganye, wai ya fi saurin fitowa. Na taɓa aiken ta mayo, inda muke tona yashi mu ɗebi ruwan da ya kwanta, ta dawo da ruwan famfo a jarka tana tsammanin harshena ba zai gane ba. Na ga ta ɗanɗana ruwan zaƙi da yajin ƙosai a bakinta. Saboda haka shekara shida tana hura mini wuta, tana tuƙi, tana tata, amma in lokacin zuba yisti ya yi sai in aike ta wani wuri. Goran kuwa ko taɓa shi ba ta taɓa yi ba.

Kirsimetin da nake son ba da labarinsa, ɗana ya zo da wata kwalba a naɗe cikin riga. Abin da ke cikinta bai fi yatsa biyu ba. Ya jira har baƙi suka watse da la'asar, ya zauna a kan turmi kusa da ni.

"Mama, ɗanɗana wannan ki faɗa mini."

"Mene ne?"

"Wiski ne. Na Japan."

"Masu mashin? Su ma suna dafawa?"

"Nasu ne ake rububi yanzu. Wani baƙo ne ya bari, ya ce in ɗauka."

"Wato kingin wani ka ɗauko mini tun daga Abuja."

Ya yi dariya, ya miƙo mini. Na dubi rubutun jikin kwalbar, ya ce kada in damu, wannan shi ma da ya yi makaranta ba ya iya karanta shi. Na sa matarsa ta kawo ruwa na kurkure baki, na jira ɗan lokaci, sannan na zuba kaɗan a ƙaramin ƙoƙo. Na san abu mai zafi. Nakan tsiyaye arge jefi-jefi, wanda 'yan kudu ke ce wa ogogoro, saboda haka na shirya maƙogwarona. Amma wannan bai yi cizo ba. Da fari ƙamshi ne, kamar an buɗe tsohon akwatin katako da aka taɓa ajiye turare a ciki. Sai wani abu kamar zuma. Wutar sai can daga baya ta zo, ta sauka a hankali, ba ta karce ko'ina ba.

Na ce, "Wanda ya yi wannan ba ya sauri."

Ban dubi surukata ba, amma ta ji. Ta ɗauki ƙoƙon ta tafi wankewa.

Ɗana ya ciro waya ya nuna mini yadda suke yi. Ban cika yarda da abin da ake nunawa a waya ba, amma wannan na kalle shi har ƙarshe, na ce ya mayar. Hatsinsu ba irin namu ba ne, amma jiƙa shi suke yi ya tsira su busar, kamar ni. Na ga ƙasan wurin a share, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi banza ba. Na ga sun gina gidan aikin a gindin dutse, cikin itatuwa, ya ce saboda ruwan wurin ne, kafin su aza tubali sai sun yi yawo suna ɗanɗanar ruwa. Na ce masu hankali ne. Na ga manyan tukwanen jan ƙarfe masu dogon wuya, suna zubar da ɗigon farko da na ƙarshe su riƙe na tsakiya. Wannan ma na sani, na farkon shi ke makantar da mutum. Sai wani dattijo mai farin gashi da ƙananan kofuna jere a gabansa, yana bi yana shinshinawa. Ɗana ya ce aikinsa ke nan, ya haɗa na wannan ganga da na waccan har su zama abu ɗaya, kuma ya ji ana cewa masu wannan aiki akwai wanda abinci iri ɗaya yake ci kullum don kada harshensa ya ruɗe. Ni ma ranar ɗanɗano ba na cin goro, ba na cin yaji. Na ji kamar in gai da shi.

Inda muka rabu da su shi ne gangunan katako. Ɗaki guda, dogo, duhu, ganguna a kwance har sama. Ya ce a nan take samun launi da ƙamshi. Shekara uku ƙaranci. Wata gangar shekara goma sha biyu, wata fiye. Akwai wadda wanda ya zuba ta ya mutu, ɗansa ya buɗe.

"Kin gani, Mama? Su suna zubawa su tafi su huta, itace ya yi musu aiki. Ke kullum kina dafa abin da ke mutuwa bayan kwana biyu."

"Kai ma kullum ake ba ka tuwo, ba a ce ɓarna ce ba."

"Ba wasa nake ba. Me likita ya ce game da tarin nan?"

"Likita bai taɓa dafa komai ba."

"Ya ce hayaƙi ne. Ya ce ki bari."

Abin da ya zo da shi ke nan, kwalbar hanya ce kawai. In yi babbar dahuwa ɗaya, in tsiyaye ta ta zama arge, mu zuba a itace mu rufe, in zauna in huta shekara uku. Abinci shi zai ɗauka. In lokaci ya yi mu buɗe mu ga abin da Allah ya yi.

Na yi masa faɗa, don kada ya saba. Amma gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce na gaji. Kafaɗata ta dama ta daina ɗaga muciya sai na tallafa da hagu. In na sunkuya kan duro ƙirjina yakan yi ƙara kamar ana jan buhu a ƙasa. Kuma na ga wannan dattijo na waya a zaune, da riga mai tsabta, ba hayaƙi, ana kawo masa yana shinshinawa. Shekara arba'in ban taɓa yin aikina a zaune ba. Bayan kwana biyu na ce masa to.

Ganga irin tasu babu mai yin ta a nan. Muka hau mashin zuwa Betso wurin wani tsoho mai sassaƙa turame, wanda in ya shigo gari ranar kasuwa a rumfata yake yada zango. Ɗana ya yi masa bayani, ya nuna masa waya. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Turmi kuke so mai murfi."

"Mai zurfi, Baba, mai ƙaramin baki."

"Wa zai yi daka a ciki?"

Na ce, "Ba wanda zai yi daka. Giya za ta zauna a ciki shekara uku."

"Taki? A gidanki? Shekara uku ba wanda ya sha?" Ya dubi ɗana. "Uwarka lafiya?"

Ya ce zai yi da maɗaci, don ba ya ruɓewa. Na tambaye shi ko so yake in ba mutane maganin ciwon ciki. Muka tsaya a kan ƙirya. Ɗana ya ce su can sukan ƙona cikin gangar, saboda haka da aka gama sassaƙa muka zuba garwashi muka jujjuya har cikin ya yi baƙi.

Bayan sabuwar shekara na yi dahuwa uku a jere, mafi girma da na taɓa yi. Daga ta ƙarshe na kwashi kumfa na busar, na cika goran har wuya, na toshe. Sauran na tsiyaye ta bututun jan ƙarfe da ke ratsa cikin ruwan sanyi, sau biyu kamar yadda suka yi, na zubar da kai da wutsiya, wato ɗigon farko da na ƙarshe. Muka cika turmin, muka liƙe murfin da kakin zuma, muka tura shi ƙuryar ɗaki. Ɗana ya shafa shi kamar mai sallama da doki, ya koma Abuja.

Na kife durona.

Hutu yana da daɗi, ba zan ɓoye ba. Makon farko na riƙa farkawa da asuba ina neman abin da na manta. Daga baya jikina ya gane. Tarin ya ragu. Idona ya daina ruwa. Na fara jin ƙamshin abubuwan da na manta suna da ƙamshi, har da sabulu. A coci, inda shekara da shekaru nake zama a bencin baya saboda sana'ata, matan zumunta suka fara matsa mini wuri. Ɗaya ta riƙe hannuna ta ce sun daɗe suna yi mini addu'a. Ban gaya mata akwai turmi cike da arge a ƙuryar ɗakina ba.

Masu sha suka yi ta zuwa suna leƙe, suna komawa. Bayan wata guda suka daina, suka koma wurin wata a bayan tasha. Wanda ya fi daɗewa yana tambaya shi ne Alhajin da ke maƙwabtaka da mu, wanda bai taɓa taka rumfata ba amma shekara ashirin dusata ke kiwata masa shanu. In mun haɗu a ƙofa sai ya kira ni Dada, wato uwa, ya ce, "Dada, bijimaina suna gaishe ki. Sun ce yaushe?" In ce su yi haƙuri.

Da bazara ta kama, zafin nan na Mubi da ke sa kwanon rufi ya yi ta ƙara da rana tsaka, turmin ya tsage ta gefe, siririyar tsaga kamar gashi. Ɗakin ya cika da ƙamshi. Na liƙe da kaki, na naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Na gaya wa ɗana a waya, ya ce ba komai, su ma can kowace shekara wani abu yakan bi iska, sun san da shi, har suna ware wa iskar rabonta. Na ce to iskar Mubi ta fi ta Japan ƙishirwa. Da ruwa ya sauka itacen ya kumbura, tsagar ta rufe. Turmin yana nan har yanzu. In na jijjiga shi ina jin motsin yana ƙara nisa, kuma ban san abin da za a tarar ba.

Hankalina duk yana kan turmin. Goran kuwa yana rataye a inda yake, kullum ina ganin sa in na kwanta. Da wata biyu ya cika na ce mako mai zuwa zan dafa mudu biyu. Mako mai zuwa ya zo, na tuna jiƙo da shanya da inji da itace da hayaƙi, duk don mudu biyu, sai na ce wani makon. Ai na cika shi har wuya, na toshe da kyau. Ai uwata ta faɗi wata biyu ne don ta tsorata ni.

Surukata ta yi magana sau biyu. Na farko tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago kai ba.

"Mama, da kin bari na ɗora 'yar tukunya. Ko don abin goran nan."

"Wa ya gaya miki yana bukatar tukunya?"

"Ina gani ai."

"Ki riƙa ganin shinkafarki, ga tsakuwa nan kin wuce."

Na biyu a tsakiyar damina ne, lokacin da bango ke tsatsafo, gishiri ke narkewa a kwano. Ta ce ba sai na tashi ba, in zauna a kujera in riƙa faɗa mata, ita za ta yi komai, in lokacin zubawa ya yi in zuba da hannuna. Magana ce mai kyau. Na san mai kyau ce tun a lokacin. Amma na hango ta tana gama dahuwa lafiya ba tare da ni ba, na hango ta tana tsaye tana kallon yadda nake kwasa da yadda nake busarwa, abin da ban taɓa bari ta gani ba. Na ce mata in na mutu ta yi yadda take so.

Ba ta sake tayarwa ba.

Da kaka, ana cikin yankan dawa, wan mijina ya rasu a kan dutse, can garinmu na asali. Shi ne babba a gidan, shi ya karɓe ni ranar da aka kawo ni, shi ya tsaya a kan 'ya'yana da mijina ya mutu. A wurinmu ba a sallamar makokin dattijo irinsa da ruwa. Ranar da za a tashi, dangi na kusa da na nesa sukan taru, a zuba wa ƙasa nata, a sha, a raba kayansa, kowa ya kama hanya. Coci ta rage abubuwa da yawa amma ba ta iya rage wannan ba. Kuma tun ina amarya, giyar makokin gidan nan daga hannuna take fitowa. Suka aiko da buhun jigari biyu a bayan mashin, da ranar da za su zo ɗauka. Ba su tambaye ni ko zan iya ba.

Wata tara ke nan rabon goran da tukunya.

Muka tayar da durona, muka wanke. Na tafi mayo da kaina na nuna inda za a tona. Na rufe tsiro da ganye, na bi shi safe da yamma ina yayyafi. Tsiron ya fito fari tas, ya yi kyau. Kwana biyu muna kan wuta, ni da surukata, tarin ya dawo tun ranar farko kamar dama a bakin ƙofa yake jira. Ruwan zaƙin da muka tace ban taɓa yin wanda ya fi shi ba. Da ya huce, wajen faɗuwar rana, na aike ta sayen gishirin da ba mu bukata, na sauko da goran.

Da na buɗe na san akwai magana. Ya kamata ya bugi hanci da ɗan tsami mai daɗi. Wannan warin tsohon ɗaki yake, ya dunƙule, gefensa ya yi toka-toka. Na murmushe rabi na raba wa duro huɗu, na rufe.

Da safe, kafin ki kai ga duro, kunnenki ke fara gaya miki. Giya mai tashi tana da 'yar ƙara, kamar yayyafi a kan ciyawa. Na fito tsakar gida na tsaya. Kaji, da rediyon maƙwabta, da keke mai wucewa. Na buɗe na farko, ruwan yana kwance, ina ganin fuskata a ciki. Haka na biyu, haka sauran.

Na ce sanyin kaka ne. Na ja su zuwa rana, na juye sauran abin da ke goran gaba ɗaya, har na bubbuga gindinsa. Na ɗauko kujera na zauna a gabansu. Hantsi ya yi, rana ta take. Surukata tana ta kai da kawo, tana shara inda ta riga ta share. Da azahar na sa yatsa na ɗanɗana. Zaƙin yana nan, amma can ƙarƙashinsa wani tsami ya fara, ba irin wanda ake so ba. In ya kai gobe a haka, buhu biyu sun zama abin zubarwa, kuma gobe da hantsi masu ɗauka za su iso da jarkoki.

Ta zo ta durƙusa a gefena.

"Mama."

"Ina ji."

"Ya mutu ne?"

Na mayar da murfin duron. Ta ɗan jira, ta tashi ta ɗauki gyale ta fita. Na ɗauka wurin matar bayan tasha za ta je roƙo, na fara shirya abin da zan ce mata. Ba ta daɗe ba ta dawo da wata 'yar leda mai sheƙi a hannu, irin yistin da masu burodi da fanke ke saye a shago. Ta ajiye a kan gwiwata, ta ja da baya.

"Ita ma ta bayan tasha da shi take yi. Duk da shi suke yi yanzu."

"Na tambaye ki?"

"A'a."

Na juya ledar. Ko nauyi ba ta da shi. Na yi tunanin wan mijina, da mutanen da suka taso daga Michika da tsallaken iyaka, za su zauna a ƙarƙashin itace a miƙa musu ƙwarya babu komai. Na yage bakin ledar da haƙori.

"Nawa ake sawa?"

Shekara shida tana gidana, ranar ce na fara tambayar ta wani abu game da giya. Ta nuna mini da tafin hannunta. Na zuba.

Kafin la'asar duro huɗu suna ta ƙara, har kumfa na zubowa ta gefe. Na uwata bai taɓa tashi da irin wannan gaggawa ba, yakan ɗauki dare guda yana shiri. Wannan kamar an biya shi. Da safe na kurkure baki na ɗanɗana. Giya ce, tana da ƙarfi, ba wanda zai ce ta lalace. Amma akwai wani ɗanɗano da ke zuwa a ƙarshe, bayan an haɗiye, kamar ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari. Na jira shi bai zo ba.

Na bi jarkokin zuwa kan dutse. Aka zuba wa ƙasa, aka fara zagayawa da ƙwarya. Na zauna cikin mata ina kallon bakin tsofaffi, waɗanda suka sha ta uwata tun ban iya ɗaura zane ba. Na shirya. In ɗaya ya ɗago kai ya dube ni, zan faɗi gaskiya a gaban kowa. Mafi tsufa a cikinsu, wanda sai an riƙe masa ƙwarya, ya sha ya daɗe, ya goge baki, ya sa aka kira ni.

"'Yata, an ce kin bar dahuwa."

"Na ɗan huta ne, Baba."

"Kada ki sake. Wannan hannun uwarki ne, ko a cikin duhu zan gane shi. Duk ƙasar nan babu mai irinsa."

Sauran suka gyaɗa kai. Wani ya ce ta bana ma ta fi ta bara. Na durƙusa na yi godiya, na koma wurina. Aka miƙo mini ƙwarya na ce ƙirjina ba ya so.

Mun dawo gida washegari da rana. Akwai sauran giya a gindin duro ɗaya da aka bari don maƙwabta, tana ɗan motsi har lokacin. Na zauna a bakin ƙofar ɗakina ina warware ƙafa. Surukata ta tsaya a kan duron.

"Mama, in kwashi kumfar nan?"

"Ki yi me da ita? Akwai a shago."

"Ko dai in kwasa."

"Durona naki ne daga yau. Ki yi abin da kika ga dama."

Ta kwasa da ludayi, ta zuba a faranti, ta kai tsakiyar gida inda rana ta fi zafi ta ajiye. Na kalle ta. Na yi niyyar in yi shiru, don ban ga amfanin maganar ba kuma. Ta juya za ta tafi.

"Ke. Rana za ta kashe shi. A inuwa ake yi, inda iska ke wucewa. Kuma ba a faranti ba, a kan busasshiyar ciyawa, siriri-siriri."

Ta ɗauko farantin ta tsaya.

"Wace irin ciyawa?"

Na dafa bango na tashi. Gwiwata ta yi ƙara. Na ce ta biyo ni bayan gida in nuna mata.